Hanji Mai Kunya

Yanzu da nake shirin ajiye aiki, in na waiwaya baya, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da aka kawo mana Habu daga wani ƙauye a bayan Guri. Ku sababbin likitoci da ma'aikatan jinya kun sha jin ina tambaya in muna zagaye, "Wancan da ke zaune a gefen gadon, mene ne shi a wajen mara lafiyan?" Na san wasunku suna yi mini dariya a bayan ido, wai tsoho ya fi damuwa da mai jinya a kan wanda ke kwance. Ba komai, ku yi dariyarku. Amma bari in gaya muku inda na samo tambayar.

A lokacin ni ne babban likita a wani asibiti a nan Haɗeja, ba sai na faɗi sunansa ba. Kada sunan ya ruɗi wanda ba ɗan aikin ba, babban likita a irin wannan wuri ba sarauta ba ce. Kai ne za ka duba masu zazzaɓi da safe, ka ciro jariri da rana, in kuma aka kawo wanda sa ya soka, kai ne mai wuƙa. Na ɗan yi horon tiyata a Kano kafin a turo ni. Kayan aikinmu na gani da ido guda biyu ne: na'urar hoton ƙashi da ƙirji, da na'urar hoton ciki irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Babbar na'urar nan da ake tura mutum cikinta ta nuna jikinsa falle-falle, wadda muke ce wa siti, sai an je Kano.

Lokaci ne da ruwan ambaliya ya fara janyewa, mutanen fadama suna ta gyaran gonaki don noman rani. Bayan azahar aka shigo da Habu ɗakin gaggawa. Ba ma ɗauko shi aka yi ba, da ƙafarsa ya shigo, yana ɗan duƙawa. Magidanci ne da bai fi shekara talatin ba, siriri, mai ƙarfin jiki irin na wanda ya tashi tsakanin garma da kwalekwale. A bayansa akwai wani dattijo dogo, mai farin gemu, har lokacin da busasshen taɓo a ƙafafunsa. Shi ne Malam Bukar, mahaifin matar Habu.

Dattijon ne ya ba da labari. Habu ya je taya shi huɗa da injin nan na hannu, wanda ake bin sa a baya ana riƙe da hannuwansa biyu kamar kan babur. Haƙoran injin suka kama wani kututture da ruwa ya binne, injin ya yi tsalle ya dawo baya, hannunsa ɗaya ya doki Habu daidai ƙasan ƙahon zuciya. Ya faɗi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ƙarasa kunyar da ya fara. Kunyar gona nake nufi, ɗayar kunyar tana nan tafe. Sai da Malam Bukar ya ga yaron yana ta gumi ba a cikin rana ba ya kashe injin da kansa, ya sa shi a kwalekwale suka haye, suka nemi mota.

Na ce wa Habu ya hau gado. Sai da aka yi fama, domin dattijon yana tsaye, shi kuwa Habu ƙoƙari yake ya tsuguna a ƙasa.

"Malam Habu, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Likita." Idonsa yana kan yatsun ƙafarsa.

"Ka yi amai?"

Ya girgiza kai.

"Ka ci wani abu tun da abin ya faru?"

Malam Bukar ya yi dariya ya amsa masa. "Likita, ai wannan ba ya ci a gabana. Tun da na ba shi yarinyar nan ban taɓa ganin ya kai loma baki ba. Ko ruwa ne sai ya zagaya bayan rumbu." Yadda ya faɗe ta ka san abin alfahari ne a wajensa.

Na duba Habu yadda doka ta ce. Hawan jininsa daidai, bugun zuciya ya ɗan yi sauri kaɗan, abin da ba a rasa ba ga wanda ya sha duka ya kuma sha hanya. A fatar cikin akwai ɗan tabo da bai wuce faɗin babban yatsa ba. Cikin kansa laushi ne, na danna ko'ina, sai a saman ne ya ɗan yamutsa fuska. Hoton ciki bai nuna jini ya taru ba, hanta da saifa lafiya lau. Hoton ƙirji bai nuna iska ta tsere daga hanji ta taru a ƙarƙashin haƙarƙari ba, wadda ita ce alamar da muke nema in hanji ya fashe. Duk da haka ban sallame shi ba. Ƙa'ida ce, duk wanda abu mai kai ya doka a saman ciki da ƙarfi, a kwantar da shi a sa masa ido. Muka sa masa ƙarin ruwa, na ce kada a ba shi komai ta baki sai zuwa yamma, in ba abin da ya canja a gwada shi da kunu.

A nan sai in ɗan tsaya saboda waɗanda ba su san cikin mutum ba. In abinci ya bar tumbi, wurin da yake fara sauka wani ɗan guntun hanji ne mai lanƙwasa, wanda a asibiti muke kira duwodinam. A cikinsa ne ruwan ɗaci na matsarmama yake zuba, da wani ruwan mai kaifi da ke narkar da nama da kitse. Sauran hanji suna yawo ne a sarari cikin ciki, in ɗayansu ya fashe nan take ciki zai ƙame kamar katako, mutum ya yi ta ihu, kowa ya san akwai matsala. Shi wannan kuwa yawancinsa a maƙale yake can baya, jingine da ƙashin baya, da wani tantani a gabansa kamar labule. In abu ya doki mutum a saman ciki, sai ya matse shi da ƙashin baya ya tsage. Ruwan da ke cikinsa ba ya zubowa gaba inda hannun likita zai ji, baya yake bi, yana cin naman mutum a hankali, ciki kuwa yana nan da laushinsa. In aka gano shi da wuri, ɗinki ne. In ya kwana ya wuni ba a gano ba, sau da yawa sai dai haƙuri. Tun daga kan Habu nake ce masa hanji mai kunya.

Da yamma Sista Hadiza, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin maza, ta kai wa Habu kunu. Mace ce mai baki, ba ta ƙyale kowa, amma hannunta a kan mara lafiya kamar na uwa. Ta dawo tana dariya ta same ni a baranda.

"Likita, mutumin naka ya ƙi sha. Wai ya ƙoshi. Ƙoshin me, mutumin da rabonsa da abinci tun safe? Ga Baba a zaune yana yi masa fifita, ina zai iya? Wallahi da mijin 'yata yana da rabin kunyar yaron nan da na yanka rago."

Ni ma na yi murmushi. Haka aka rene ni, har surukina ya koma ga Allah ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Duk wanda ke ɗakin nan, daga masu jinya har marasa lafiya, ya fahimci dalilin da ya sa Habu bai sha kunu ba, kuma kowa ya yaba masa. Na sake taɓa cikin kafin in tafi gida, yana nan yadda yake. Na ce a ci gaba da auna shi a kai a kai.

Washegari da safe, kafin ma in kai gadonsa, Sista Hadiza ta tare ni, babu dariya a fuskarta. Ta ce bugun zuciyarsa hawa yake ta yi tun jiya, a hankali amma bai sauka ba ko sau ɗaya, ga ɗan zazzaɓi ya shigo. Ta ƙara da cewa ko kwanon fitsari bai nema ba.

Na same shi a kwance ya ɗan naɗe ƙafar dama. Leɓɓansa a ɗame suke gam, maƙogwaronsa yana ta sama da ƙasa kamar mai haɗiyar wani abu. Malam Bukar yana kan tabarma a gefen gado, da carbi a hannu ɗaya, mafici a ɗaya. An ce mini a nan ya kwana a zaune.

"Malam Habu, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Na danna cikin. Har yanzu bai ƙame ba. Amma mutumin da ke da sauƙi zuciyarsa ba ta gudu haka. Na dubi yadda yake haɗiya, na dubi dattijon, sai na ce a raina, anya yaron nan ya taɓa ba ni amsa ɗaya tun jiya wadda ba don kunnen tsohon nan ya ba da ita ba?

Na ce, "Baba, ɗan ba mu wuri zan duba shi."

Ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Likita, yi aikinka, ni jini ba ya ba ni tsoro. A gonata abin nan ya same shi, aikina yake yi. Na ce wa yarinyar ba zan ɗaga daga kansa ba sai na mayar mata da shi da ƙafarsa."

To, ka ji. Yaya za ka kori mutum irin wannan? Ba taurin kai ne ya zaunar da shi ba, ƙauna ce da nauyin alkawari. In na ɗaga masa murya na ci mutuncinsa a gaban surukinsa, shi kuma Habu ba zai ƙara sakin jiki da ni ba. Sai na tsuguna kusa da shi na rage murya.

"Baba, akwai aikin da ba mai iya yi mini sai kai. Wataƙila mu nemi jini. Na ga 'yan uwansa da mutanenku a waje, in ni na ce su je a gwada su, rabinsu za su sulale. In kai ka sa su a gaba, ba mai motsi."

Ba ƙarya na yi masa ba, jinin muna iya buƙata. Ya miƙe, ya naɗe tabarmarsa, ya ce wa Habu, "Yanzu zan dawo." Sista Hadiza ta ja labule.

Habu ya kasa kunne har ƙarar takalmin dattijon ta ɓace. Ya ce da wata irin murya, "Ya fita?"

"Ya fita."

Ko rufe baki ban yi ba ya juya gefe. Allah ya sa Sista tana riƙe da kwano. Amai ne kore shar, mai yawa, yana yi jikinsa yana karkarwa, hawaye na zuba. Na riƙe masa goshi har ya gama. Na tambaye shi tun yaushe yake jin sa, ya ce tun jiya da la'asar yake taso masa yana mayar da shi.

Na daɗe a aikin nan, amma wannan maganar ta taɓa ni ƙwarai. Mutum ya kwana yana haɗiye ɗacin cikinsa don kada ya yi abin kunya a gaban uban matarsa.

"Yanzu daga ni sai kai. Ina ne ke ciwo?"

"Bayana, Likita. Ta nan dama. Kamar an zuba garwashi." Ya saci kallon Sista Hadiza. Ita kuwa ba a koya mata, ta ɗauki kwanon ta fice. Sannan ya ce a hankali, "Har ƙasa yake sauka. Marainata ta dama, tun cikin dare."

Na duba wurin, ba kumburi, ba rauni, injin bai taɓa shi a can ba. Nan na san inda muke. Ruwan da ya tsere ta baya yana bin jijiyoyin da suka sauka can ƙasa, sai mutum ya ji ciwo a inda ba a doke shi ba. Ba kowa yake samun wannan alamar ba, amma in ta zo tare da koren amai da ciwon baya bayan duka a saman ciki, ba a tsayawa dogon tunani. Muka sake ɗaukar hoto, wannan karon na cikin gaba ɗaya. Ga su nan, 'yan ƙananan ɗigo-ɗigon iska sun zagaye ƙodar dama, inda iska ba ta da abin yi.

Na kira malamina na Kano a waya, wanda ya koya mini riƙon wuƙa, na zayyana masa komai. Na ce ina tunanin turo shi, tunda su ke da kayan aiki.

Ya ce, "An kusa kwana da wuni ke nan, ko? Ga hanyarku da ruwa ya cinye. Kafin ya iso, a karɓe shi, a yi hoto, a sami ɗakin tiyata, ka ƙara masa wani wunin. Ba shi da shi. Buɗe shi a nan. In ka ga ciki fes kada ka yarda, ɗaga hanjin ka duba bayansa. Kuma kada ka yi mini gwaninta, ɗinki mai kyau guda ɗaya ya fi."

Na koma na gaya wa Habu gaskiya, cewa hanjinsa ya tsage a wuri mai wuya, aikin yana da haɗari, rashin yin sa kuma ya fi haɗari. Ya ce Allah ya sa a dace, a yi. Sai ya kama hannuna ya ce, "Likita, maganar ƙasan nan, kada Baba ya ji." Na ce ba zai ji ba, kuma bai ji daga bakina ba. Sunayen da nake faɗa muku ma ba nasu ba ne na gaskiya.

Na sami Malam Bukar a baranda, ya dawo da mutanensa, kowa da auduga a gwiwar hannu. Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Jiya ka ce hoto bai nuna komai ba. Da safen nan ma ya ce maka da sauƙi, ina zaune. Me ya faru daga fitata zuwa yanzu?"

Ina neman yadda zan lallaɓa maganar, sai ga mai shara ta fito daga ɗakin da zanin gadon da aka cire, koren nan ya ɓata shi. Dattijon ya bi zanin da kallo har ta sha kwana.

"Tun yaushe yake riƙe da wannan a cikinsa?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Ni ne ke nan."

Na ce, "Baba, inji ne ya doke shi, ba kai ba. Kuma kai ka kashe injin ka kawo shi. Da ta tasa ce, da yanzu yana gona." Gaskiya na faɗa, amma na ga ba ta shige shi ba. Ya zauna a bakin baranda, ya ce in je in yi aikina, Allah ya riƙa mini.

Kafin azahar muka shiga. An sa wa Habu maganin kashe ƙwayoyin cuta da ruwa mai yawa, an zura siririn bututu ta hanci zuwa tumbi don a zuƙe abin da ke ciki. Da na buɗe, sai ga ciki fes, kamar yadda malamina ya faɗa, ba jini, ba ƙazanta. Wanda bai san abin da yake nema ba zai iya rufewa ya ce Alhamdu lillahi. Amma can gefen dama, ta cikin tantanin nan na baya, akwai wani ɗan kore-kore, da na taɓa wurin sai na ji iska tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsana. Na yanka tantanin ta gefe, na ɗago hanjin a hankali na juyo bayansa. Ga tsagar nan, ba ta kai rabin zagayen hanjin ba, naman da ke kewaye duk ya jiƙe da ɗaci. Na duba hanyar matsarmama da abin da ke maƙwabtaka da ita, Allah ya taimake mu ba su taɓu ba. Na gyare bakin tsagar har na kai nama mai rai, na ɗinke ta a kwance don kada hanyar abinci ta ƙuntata, na jawo kitsen nan da ke lulluɓe da hanji na rufa a kai. Muka wanke wurin sosai. Na bar bututu ɗaya kusa da ɗinkin ya fito ta gefen ciki, don in ya yi yoyo mu gani. Na sa wani a hanjin da ke can gaba da raunin, wanda za mu riƙa ba shi abinci ta ciki ba tare da ya bi ta kan ɗinkin ba.

Wanda bai sani ba yana ɗauka in an fito daga tiyata an gama. A wannan hanjin, lokacin ne ake fara zullumi. Ruwan da ke bi ta cikinsa aikinsa narkar da nama, bai kuma san bambancin naman miya da ɗinkin likita ba. Kullum da safe abin da nake fara dubawa shi ne jakar da ke ƙarshen bututun gefe. In ruwan ya fito kamar ruwan wankin nama, lafiya. In ya yi kore, ɗinki ya saki.

Malam Bukar bai sake taka ɗakin ba. Ya aika aka kira wan Habu ya zauna da shi, shi kuma ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin wata bishiyar maina, wato dalbejiya, da ke bayan tagar ɗakin, inda Habu ba zai hango shi ba. Na taɓa yi masa bayanin jakar sau ɗaya, shi ke nan ya riƙe. Duk safiya in na fito zan same shi a tsaye.

"Lale, Likita. Yau wane launi?"

"Na wankin nama, Baba."

"Alhamdu lillahi."

Wajen kwana biyar da aikin, na fito ban san yadda zan dube shi ba. Ruwan ya yi kore, zazzaɓi ya dawo. Na gaya masa. Ya koma gindin bishiyarsa. Sista Hadiza ta ce mini abincin da ake kawo masa daga gari, yadda aka kawo haka ake mayarwa. Ni kaina a kwanakin nan ban san ɗanɗanon abin da nake ci ba. Yoyon ƙarami ne, kuma bututun yana kwashe shi, saboda haka ban sake buɗe Habu ba. Muka ci gaba da zuƙe tumbi, muna ba shi kunu mai ruwa-ruwa da madara da ƙwai ta bututun hanji, muna jira. A hankali koren ya fara dushewa, ruwan yana raguwa, har wata safiya na sami jakar kusan a bushe. Muka ba shi wani ruwa mai launin shuɗi ya haɗiya, muka zuba wa jakar ido. Bai fito ba.

Ranar na ce a dama masa kunu, zai sha da bakinsa. Ina tsammanin zai yi murna, sai na ga yana ta kallon taga.

"Likita, Baba fushi yake da ni?"

"Fushin me?"

"Tun da aka yi aikin bai shigo ba. Na san na sa shi wahala, ga gonar ma ban ƙarasa ba."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Na fita na sami dattijon na ce, "Baba, kai kana nan kana cewa kai ka cuce shi, shi yana can yana cewa fushi kake da shi. Ni likitan hanji ne, wannan ciwon ku biyu za ku yi maganinsa."

Ya shigo a hankali, ya tsaya daga ƙafar gado. Ya rame sosai. Habu ya fara ƙoƙarin sauka, Sista Hadiza ta danne masa kafaɗa ta ce in ya fasa mata ɗinki ita da shi ne.

"Malam Habu, yaya jikin?"

"Da sau..."

Dattijon ya ɗaga hannu. "Ba gaisuwa nake yi ba. Tambayarka nake."

Habu ya dubi zanin gado, ya dubi bango. Can ya ce da ƙyar, "Baba, ɗinkin yana ja na in na yi tari. Kuma yunwa nake ji."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Bukar. "Alhamdu lillahi."

Ya karɓi kofin kunun daga hannun Sista, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Sha." Habu ya riƙe kofin ya dube ni, wai in cece shi. Ni kuwa na ɗaga kai ina nazarin fankar sama. Da dattijon ya ga haka, sai ya juya masa baya, ya fuskanci taga.

"To, ga shi ba na kallo. Amma ina so in ji."

Muka kasa kunne gaba ɗayanmu. Sai muka ji ƙwat, Habu ya haɗiya. Ya sake. Kafaɗun tsohon suna girgiza, bai juyo ba har kofin ya ƙare. Sista Hadiza, wadda ban taɓa ganin abu ya kashe mata baki ba, ta fice tana goge ido da gefen mayafi.

Bayan 'yan makonni Malam Bukar ya mayar wa 'yarsa da mijinta da ƙafarsa, kamar yadda ya ce.

Ban ba ku labarin nan don ku raina kunya ba. Ni ba na cikin masu cewa a yar da ita. Tsakanin mutanen nan biyu akwai girmamawar da ta sa ɗaya ya je huɗar gonar da ba tasa ba, ɗaya ya kwana a zaune yana fifita, kuma ita ɗin ce dai ta kusa kashe Habu. Ba za ku canja mutanenmu a ɗakin gaggawa ba, ba kuma aikinku ba ne. Abin da na koya shi ne, "da sauƙi" a bakin mutumin ƙasar nan addu'a ce da ladabi, ba bayanin ciwo ba ne, kuma ya danganta da wanda ke sauraro. Hoto yana iya fitowa fes a ranar farko, ciki ya yi laushi, mara lafiya ya ce da sauƙi, alhali ɗaci yana cin sa ta baya.

Saboda haka in an kawo muku wanda abu ya doka a saman ciki, ku kwantar da shi, ku bi bugun zuciyarsa, ku sake taɓa shi da hannunku. Ku kuma tambayi wane ne na gefen gadon. In aka ce surukinsa ne, ku gaishe da dattijon da kyau, ku nemo masa wani aiki mai muhimmanci a can ƙarshen asibiti, ku ja labule, ku ajiye kwano kusa, sannan ku sake tambaya.